Mai Bugun Gwangwani

A tashar Kore Mairuwa, Is'haƙa na zaune bisa buhunsa yana hararar madubin hangen nesa da ke wuyan mutumin kusa da shi.

"Malam, soja ne kai?"

"A'a. Baƙi nake kaiwa kallon tsuntsaye bakin tabkinmu, can wajen Dumega. An sa mu cikin wuraren da masu yawon buɗe ido ke zagayawa."

"Au, ku ne masu allon nan mai hoton gauraka? Ku aka gyara ma hanya, har da rumfa?"

"Mu ne, alhamdu lillahi."

"To wallahi gaurakin nan a gonata suke karyawa, bayan tudu. Mu ke ciyarwa, ku ke nunawa! Ko sannu ba wanda ya taɓa ce mini. Kullum da na sallame asuba ina gona, ina bugun gwangwani har hannuna ya mutu, sannan su tashi."

Mutumin ya juyo, ya riƙe hannun Is'haƙa da hannu biyu.

"Ashe kai ne mai gwangwanin! Ai da mun ji bugunka muke ce ma baƙi su shirya ɗaukar hoto, ga su nan tafe. Don Allah, ɗan'uwa, ran Asabar kada ka makara, mota biyu za su zo daga Yamai."

Is'haƙa ya zare hannunsa.

"Ran Asabar barci zan yi. Hatsin ma su cinye shi duka."