Ɗalibin 'Yarsa

A ɗakin jiran asibiti, wata mata ta ga kafintan da ke gefenta yana bin rubutun bango da yatsa, leɓensa na motsi.

"Malam, lafiya dai?"

"Aikin gida nake yi, Hajiya. Karatu ne ya ƙi shigar wa 'yata, malamarsu ta ce kullum ta riƙa koya wa wani a gida. Shi ne ta mai da ni ɗalibi. Har tsawa nake sha!"

Matar ta yi dariya. "Dabara ke nan! Sai ka yi kamar ba ka iya ba."

Kafintan ya sunkuyar da kai.

"Ita ma haka ta ɗauka," in ji shi a hankali. "Ban taɓa rubuta sunanta da hannuna ba sai jiya. Ta ce na ci goma bisa goma."