Na Dama Wa Maƙiyin Maigidana Fura

Barka da aiki, Malam mai gabatarwa. Ni ce Rifkatu daga Matameye.

Bara maƙwabcinmu na gona ya tumɓuke gambar da ke iyakarmu, ya sari maigidana da fartanya. Ranar kasuwar da ta wuce sai ga mutumin nan ya faɗo zaurenmu jina-jina, samari na bin sa da sanduna kan wata rigimar. Ƙannen maigidana suka ce, "Turo mana shi waje!"

Sai na tare ƙofa, na dama masa fura, don a majami'a an koya mana ciyar da maƙiyi.

Maigidana ya dawo, ya nuna mini tabonsa kawai. Yau kwana biyar bai taɓa tuwona ba. Jama'a, laifi na yi?