Sai Mai Kakaki Ya Ɗaga Hannu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ban saba sa baki a zancen mutane ba. A dandalin birnin Krakow ne, kusa da rumfar furannin da nake tsaro. Wata tsohuwa 'yar ƙauye ta kafe a gaban mai burodi, idonta na kan hasumiyar coci, inda ake busa kakaki daga sama duk awa.

Mai burodi ya ce, "Iya, ayarinku na 'yan yawon buɗe ido ya yi gaba fa. Mota za ta tashi ta bar ki."

"Ta tashi mana. Tun ina yarinya nake jin busar hasumiyar nan a rediyo. Yau na fara taka birnin, sai in koma ban ga mai kakakin ba?"

"Ba abin gani. Bakin kakaki kawai ke leƙowa ta taga."

"An ce yana ɗaga wa mutane hannu."

"Yara da baƙi yake yi wa. Ni a gindin hasumiyar nan na tsufa, ban taɓa ɗaga kai ba."

"Shi ya sa wuyanka ya ƙage! Mijina ya yi ta cewa zai kawo ni, har ƙasa ta rufe masa ido."

"To, ina za ki kwana?"

"A busa tukuna."

Aka busa. Ta ɗaga hannu biyu, wani hannu ya fito ta taga ya amsa mata.

Mai burodi ya rufe teburinsa yana gunaguni. "Taso, Iya, mu nemo miki jirgin ƙasa."

Washegari da aka busa, na ajiye almakashina na ɗaga hannu, kowa yana kallo.