Kwana Biyar Babu Muryar Ƙanena

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sani ne daga Dauran.

Ƙanena Bello malamin asibiti ne a wani ƙaramin tsibiri can tsakiyar teku. Kwanaki ya kira ni ya ce, "Yaya, wata guguwa na haɗuwa a kan teku, kullum ƙarfi take ƙarawa, jibi za ta iso mu. Kada ka gaya wa Inna."

Da jibin ta yi, wayarsa ta daina shiga. Kwana biyar ina yi wa Inna fara'ar dole.

Ran na shida ina gona sai ga baƙuwar lamba. Bello ne! Ya ce iska ta kwashe rufin gidaje, ta jefo kwale-kwalen masunta kan titi, ruwan gishiri ya cika rijiyoyi, amma su a makaranta suka fake, kowa lafiya.

Na ruga gida da wayar. Bayan sun gaisa, Inna ta dube ni ta ce, "Ai tuni na ji a rediyo. Kai nake tausayi, shi ya sa na yi shiru."

Jama'a, ku taya mu gode wa Allah, ku kuma sa mutanen tsibirin nan a addu'a, don har yau ruwan sha suke nema.