Magajin Sajan Nababa

Wakili: Halo? Halo! Wa ke magana?

Manniru: Salamu alaikum. Don Allah Baba Wakili ne, na Paikon Kore?

Wakili: Ɗaga murya, ina cikin gonar doya! Tsaya in hau dutsen nan, nan kaɗai sabis ke kamawa. Yauwa. Wane ne?

Manniru: Manniru ne, ɗan Sajan Nababa.

Wakili: Ɗan sarkin wa?

Manniru: Sajan! Sajan Nababa, na Mpape!

Wakili: Kai! Manniru? Mai satar mangwaron gidan kwamanda a bariki? Ashe kana duniya?

Manniru: Ina nan, Baba. Ina wuni?

Wakili: Lafiya lau, ɗana. Ina gajiya?

Manniru: Ba gajiya. Ya gona? Ya ruwa?

Wakili: Ruwa ya yi gyara, doya ta kama. Ya Abuja?

Manniru: Alhamdu lillahi. Ya Mama Magdalene? Ya ƙafar taka?

Wakili: Magdalene tana nan, bakinta bai mutu ba. Ƙafa kuwa in hadari ya haɗo sai ta riga kowa sani. Kai, an ce kana Libiya!

Manniru: Na dawo, Baba. Wata guda ke nan.

Wakili: Shekara bakwai ko wasiƙa babu! Me ka kawo mana?

Manniru: Jakata kawai, sai ciwon baya na ɗaukar bulo.

Wakili: Ai ka kawo kanka, ya isa. Ina ka samu lambata?

Manniru: A bayan littafin sallamar babana daga soja na gan ta, da rubutun hannunsa.

Wakili: Oho, ashe ya ajiye. Mai taurin kan nan! Ina innarka Talatu? Har yanzu tana kai abinci wajen masu fasa dutse?

Manniru: Ta daina. Ba ta fita yanzu, sai ta gama takaba.

Wakili: Sai ta gama me?

Manniru: Baba...

Wakili: Layin ne, ko me ka ce?

Manniru: Ba haka na so in faɗa maka ba. Allah Ya yi wa Baba rasuwa. Yau kwana hamsin da biyu. Halo? Baba Wakili? Kana ji na?

Wakili: Ina ji. Bari in zauna.

Manniru: Ka yi haƙuri.

Wakili: Nababa? Wayyo Allah. Kwana hamsin da biyu ina nan ina nome ciyawa, ba wanda ya aiko?

Manniru: Ba wanda ya san lambarka. Ni kaina ban samu jana'iza ba, sai da aka yi kwana goma sha tara na iso.

Wakili: Ciwo ya yi?

Manniru: Hawan jini. Ya je ofishin fansho duba sunansa a allo, bai gani ba. A hawan tudun Mpape ya faɗi, 'yan acaɓa suka kawo shi gida. Kafin magariba ya cika.

Wakili: Allah Ya jiƙansa. Allah Ya ba shi hutu. Ya haƙuri, ɗana?

Manniru: Haƙuri sai ma'abocinsa, Baba, mun gode. Amma akwai magana, kuma katin wayata ba shi da yawa.

Wakili: Faɗi.

Manniru: Ka san tun da ya yi ritaya ba a ba shi garatuti ba. Inna ba ta da komai a duniya sai wannan fayil ɗin. Tun da ba ta fita, ni nake ta zirga-zirga. Jiya aka buɗe mini fayil, akawu ya nuna mini wajen magaji. Ba sunan Inna, ba sunana. An rubuta: Wakili Yamusa, ɗan'uwa, uwa ɗaya uba ɗaya.

Wakili: Kai! Kai, kai, kai. Bai canza ba?

Manniru: Ashe ka san zancen.

Wakili: Ni kuwa na sani! A difon horar da sojoji ne, Zariya, lokacin yaƙin basasa. A bayan motar roka muka haɗu, kowa ya gudo daga gida ba da sanin iyaye ba. Akawu ya ce kowa ya faɗi wanda za a gaya wa in ya mutu. Nababa ya ce shi ba zai sa a kai wa uwarsa wannan takardar ba. Ni kuma in babana ya ji inda nake, da sanda zai zo ya fitar da ni. Sai ya rubuta ni, na rubuta shi. Ni Gbagyi ɗan coci, shi Bakatsine mai carbi, wai uwa ɗaya uba ɗaya! Akawun ko kai bai ɗaga ba.

Manniru: Amma shekara talatin da biyar, Baba! Ya yi aure, ya haife mu. Fom ɗaya ya gagare shi?

Wakili: Ba ka san soja ba. A wajenmu, in ka je ka ce a ciro maka fom ɗin magaji, cewa ake kana kiran mutuwa. Wani kofur ya gyara nasa ran Litinin, ran Laraba mota ta kife da shi. Daga nan ba wanda ya ƙara taɓawa a bataliyarmu.

Manniru: To ga shi mutuwar ta zo ba a kira ta ba, kuma Inna ce a ciki.

Wakili: Ba ka kai musu takardar aure ba?

Manniru: Na kai, ta kotu, da hatimi. Suka ce ba a shigar da auren a littafin bataliya ba, don haka su ba su san ta ba. Hanya biyu ce: ko magajin ya zo da ƙafarsa da katinsa na shaida, ya dangwala yatsa cewa ya sakar wa matar, ko a kawo shaidar ya mutu. Kuma ran Juma'a za su rufe wannan rukunin. In ya wuce, fayil ya koma sito, sai wani jiƙon.

Wakili: Wannan ofishin na fansho?

Manniru: Shi.

Wakili: A'a. Na rantse ba zan ƙara taka ƙofar nan ba.

Manniru: Baba...

Wakili: Ka ji ni tukuna! Wata huɗu muka yi ni da ubanka muna kwana a kan kwali, gindin bishiyar da ke tsallaken ofishin. Tsofaffi, da lambobin yabo a ƙirji, masu manyan motoci suna wucewa suna jefo mana canji. A gabana wani sitaf sajan ya faɗi a layi, bai tashi ba. Na ce Nababa, taso mu tafi, ina da gona, mu raba. Ka san abin da ya ce mini? Wai na gudu daga fagen daga. Ni! Ni da na goyo shi mil uku da harsashi a cinyata! Tun ranar ba mu ƙara magana ba.

Manniru: Na ji. Ni ba ni da bakin ba ka haƙuri, don ni ma gudu na yi. Ban ɗauki makararsa ba, ban zuba masa ƙasa ba. Wannan kaɗai ya rage da zan iya yi masa. Halo?

Wakili: Ina nan.

Manniru: Bari in gaya maka gaskiya. Da na fito jiya, wani ya tare ni a bakin get, ya ce kwana ɗaya zai haɗa mini takardar mutuwarka, da hatimin asibiti da komai.

Wakili: Mutuwar wa?

Manniru: Taka.

Wakili: Ni? Ina zaune a kan dutse da fartanya? Uban wa zai kashe ni a takarda!

Manniru: Wallahi har na karɓi lambarsa. Da na gaya wa Inna, sai ta ce in na yi haka ba ta yafe ba. Ta ce ranar da takardar ta shiga, ɗan abin da ke zuwa maka a wata zai tsaya, kuma ba za ka taɓa iya rayar da kanka a wajensu ba. Ta ce gara ta rasa duka da a ci amanar Wakili.

Wakili: Talatu ta faɗi haka?

Manniru: Ita ta ce in bincika akwatinsa ko zan ga lambarka.

Wakili: Hmm. Nawa fom ɗin ma fa sunansa ne a ciki. In na faɗi gobe, Magdalene wa za ta kira?

Manniru: To ka zo da ita mana, a gyara naka a ranar.

Wakili: Ka ji ɗan banza, yanzu kai za ka sa ni kiran mutuwa!

Manniru: Baba, kati yana ƙara, saura minti ɗaya.

Wakili: Ƙarfe nawa suke buɗewa?

Manniru: Takwas, amma layi tun asuba.

Wakili: Ran Alhamis. Motar farko daga Gwagwalada. Ka tsaya a bakin get ɗin, ka nuna mini mai kashe mutanen nan. Kuma in mun fito ka kai ni kabarin, ina da magana da shi.

Manniru: Allah Ya saka da alheri, Baba! Allah Ya...

Wakili: Bar godiyar. Tana kusa? Ba ni ita.

Manniru: Inna, ga shi. Yi sauri, kati.

Talatu: Salamu alaikum. Wakili?

Wakili: Matar ƙanena. Ni ne. Ki share hawaye, ina zuwa. Talatu, wallahi da na san...