Ashana a Gindin Bindiga

A benci, ƙofar shagon mai gyaran bindigogi, wata mata tana jira da bindiga naɗe cikin buhu. Mafaraucin da ke zaune gefenta ya leƙa.

"Baiwar Allah, ai wannan irin mai ma'aji ce a gindi. Ashana, ƙugiya, allura, duk tana ɗauka. Ko mutum ya ɓata a daji, ba shi da damuwa."

"Haka maigidana yake gaya wa duk baƙon da ya zo. Ya buɗe, ya baje, ya mayar. Amma shekara biyu ban ga ya ɗiga mata mai ba."

"To, ba kullum ake samun sukuni ba."

"Ai yanzu ya samu. Gadu ya taso masa, ya ja kunama, ta ƙi tashi, tsatsa ta cinye cikinta. Ɗinki goma sha biyu a cinya. Da allurar zai kare kansa, malam?"

"Allah ya ba shi lafiya. Gyara kika kawo ta ke nan?"

"Haka ya aiko ni. Ni kuwa roƙon mai gyaran zan yi, ya ce ba ta gyaruwa. 'Ya'ya huɗu gare mu."