Kaskon da Salisu Wanzami Ya Ajiye a Bakin Tabki

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa. Mai gari, ranka shi daɗe. Liman da malamai, Allah shi gafarta maku. Sarkin Aska da wanzamanka, dattawan Anna masu addinin gargajiya da kuka taso tun daga Safo da Gabi, sannunku da hanya. Inde, matar marigayi, da ku 'ya'yansa Illo da Turai, ya ƙarin haƙuri?

Ni Haruna masunci ne, kifi na sani, ban iya magana gaban manya ba. An ce in tashi ne don babu gidan da ya sha alherin Salisu Wanzami kamar namu. Yau kwana arba'in da muka kai shi makwancinsa.

Ya kasance mai sauƙin hannu. Ya kasance yana aske mai salla da mara salla, bai taɓa tambayar kai ko na wane ne ba. Rabin matasan Madarunfa shi ya yi masu askin suna, kuma uwayensu na nan, su faɗa in jariri ya taɓa firgita da ruwan sanyi a hannunsa. Ya kasance kuma, Allah shi jiƙan shi, mutumin da muka fi yi wa dariya saboda kasko.

Fatake suka kawo tasoshi masu ƙyalli daga Katsina, wanzamai suka yi ta saye. Shi kuwa sai ya nufi wurin Tani mai tukwane, ya wuce masu kyau, ya tsuguna gaban masu karkataccen baki da take bayarwa kusan kyauta. Rannan ina tare da shi. Ya ɗauki wannan ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya ajiye. Ya ɗauki wancan ya auna a tafin hannu, ya shafa cikinsa.

Na ce, "Salisu, rowa ce za ta kashe ka."

Ya ce, "Haruna, ƙoƙo wuta ke cinye shi. Tasa ta ƙona maka yatsu, kafin ka gama gefe ɗaya ta huce. Wannan gindinsa da kauri. Ka aza shi kan toka mai zafi, ka murza sabulun salo ciki, kumfar na nan da ɗumi har ka kai ƙeya."

Sai na ga ya ɗauki biyu. Na ce na biyun fa? Ya ce, "Na Hamisu ne."

Kun san wana Hamisu. Kun san tun da kuturta ta kama shi yake zaune shi kaɗai a bukka bakin tabki. Yatsunsa sun tafi, gashi ya cika mashi kai, ƙwarƙwata ta hana shi sakat, kuma babu wanzamin da ya yarda ya je. Ni da muke ciki ɗaya, zan faɗa gabanku, tuwo nake ajiye mashi daga nesa in juyo.

Salisu ya ce mani, "In mutane suka ga kaskon da na yi mashi aski da shi, gudu za su yi. To nashi can zai zauna, da tsohuwar aska. Mai araha ne, ko ya kufce mashi ya fashe, ba zai ji kunyata ba."

Shekara tara yana zuwa, Juma'a bayan Juma'a, da garwashi cikin katangar fasasshiyar tukunya. Hamisu ya taɓa ce mani duk duniya hannu ɗaya ke taɓa shi, kuma da ɗumi yake zuwa. Na koma gida na yi kuka.

Inde, kin sani, kika yi shiru, ba ki taɓa hana shi ba. Mun gode maki.

Tun da Salisu ya rasu ga abin da ke cin raina. Gashin Hamisu ya dawo. Kullum yana wanke kaskon da dungulmin hannunsa, ya kife shi bakin ƙofa, yana duban hanya. Sau uku na zo ƙofar gidanku, Illo, in roƙe ka, na kasa buɗe baki. Yaya zan roƙi ɗan wani abin da ni ban yi wa ɗan'uwana ba?

Shekaranjiya Tani ta tare ni a kasuwa ta ce, "Ɗan Salisu ya zo ya ishe ni da ƙwanƙwasa. Biyu ya ɗauka."

Jama'a, ku waiga gindin tsamiyar can. Hamisu ne zaune, ya cire hula don ku gani. Illo ya aske shi da safen nan, ni na riƙe kaskon.

Mun gode wa duk wanda ya tako ƙafarsa. Allah shi jiƙan Salisu, shi haskaka kabarinsa, shi ba iyalinsa dangana. Allah shi sa albarka a hannun Illo. Yadda Salisu ya je wa wanda kowa ya guda, ya Allah, kada ka bar shi shi kaɗai. Amin.